Ba Bishiya a Filin Kawu Lauwali

Kwana huɗu Bunyaminu ya yi a Bagudo yana juya takardu, kuma cikin kwanakin nan ba wanda ya zauna kusa da shi don son ransa. Wani kamfanin Kano ne ya aiko shi. Suna son sayen injin casar shinkafa na Alhaji Lauwali, da rumbunan ajiya, da filin da duk suke kai, amma kafin su sa hannu sai an tono musu komai: takardar fili, lasisi, ko akwai shari'a a kotu, ko injin yana da ciwon da aka ɓoye. Aikin Bunyaminu ke nan shekara goma sha ɗaya. Mutumin da ake biya don ya ƙi yarda da maganar mutane, wa zai matsa masa a tabarma?

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Alhaji Lauwali kawunsa ne, wan mahaifiyarsa. Ya faɗa wa shugabanninsa haka tun a Kano, suka ce ai gara ma, ya san gari ya san harshe, kuma sun san halinsa. Sharaɗi ɗaya suka sa masa, kada ya sauka gidan mai sayarwa. Don haka ya kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, yana cin tuwon saye shi kaɗai, alhali gidan da ya yi wayo a cikinsa tafiyar minti biyar ce. Iyayensa sun rasu, gonarsu ta ƙauyen Geza an daɗe da rabawa. A duk ƙasar nan ƙofar Kawu ce kaɗai ta rage masa da zai shiga har tsakar gida ba tare da an yi masa iso ba, kuma ya san in cinikin nan ya lalace ta hannunsa, ƙofar ba za ta zauna yadda take ba.

Kawu kuwa ya tsufa, ido ya fara yi masa gardama, 'ya'yansa duk sun bi boko sun bar shi da hayaniyar inji. So yake ya sayar ya huta. Bunyaminu ma so yake ya huta ɗin, shi ya sa duk takardar da ya buɗe ya ga ta fita tsaf sai ya ce alhamdu lillahi a ransa. Takardar filin ma ga ta nan da hatiminta, da sunan Kawu raɗau.

Rana ta biyar da azahar wuta ta ɗauke, ofishin ya zama tanda. Ya fito neman inuwa, ya duba gabas ya duba yamma. Leburori sun cunkushe ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano, wasu sun raɓe a gindin tirela. Fili ne mai faɗin gaske, ƙasar kusa da kogi wadda in ka jefar da ƙwallon mangwaro da damina sai ya tsiro, an shekara ashirin da biyu ana aiki a cikinsa, amma ba bishiya ko ɗaya. Kuma Kawu ne fa, mutumin da gidansa har duhu yake yi don mangwaro da gwaiba.

Nan take ya gane, domin shi ɗan ƙauye ne kafin ya zama ɗan ofis. Kowane yaro a Geza ya san ba a dasa itace a gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka wake, ka kafa bukka in kana so, amma ranar da ka dasa itace ka ce ƙasar taka ce.

Wata dattijuwa mai suna Hussaina tana sheƙe dusa a bayan rumbu. Ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ku kam ba ku son inuwa a wurin nan?"

Ta ce, "Wa ka ƙin inuwa, ɗana? Alhaji ya hana. Ko darbejiya tat tsiro da kanta, tuge ta akai."

"Saboda me?"

"Ni mi nas sani? Ka tambayi wadda aka kai ma buhun hwarko." Da ta ga bai gane ba, sai ta ƙara da cewa duk kaka buhun farko da injin ya casa ba a sayar da shi, tsallaka iyaka ake yi da shi a kai wa wata Inna Sailuba a ƙasar Benin. Ta faɗi sunan ƙauyen, ta koma kan faifanta.

Da ya so, zai iya barin maganar nan a cikinsa. Ba wani ɗan Kano da zai zo ya tsaya ƙirga bishiyoyi. Ya koma masauki ya zauna a bakin gado yana kallon wayarsa, yana neman wanda zai kira ya yi shawara da shi, ya bi sunayen tun daga sama har ƙasa bai samu ba. Abokan aiki za su ce ya rubuta, dangi za su ce ya rufa asiri, kowa ya san amsarsa tun kafin a tambaye shi. Washegari da safe ya hau kabu-kabu ya nufi iyaka.

Ya tarar da Inna Sailuba a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, Hausarta da gardin Dandanci. Ta tambaye shi ɗan wane ne, da ya faɗa sai ta riƙe hannunsa ta ce ta san uwarsa tun tana tallan fura. Ta sa aka dama masa, ta zauna tana kallonsa har ya shanye. Tun da ya zo ba wanda ya yi masa haka, sai da ya kau da kai.

Da ya kawo maganar filin ba ta ɓoye komai ba. "Maigidana ya ara ma Lauwali, lokacin da munka dawo nan wajen danginai. Gaban mutum ukku anka yi, biyu na da rai."

"Inna, amma akwai takarda da sunansa."

Ta yi dariya. "Ya hwaɗa muna za shi yin takarda don ma'aikata su bar shi ya kahwa inji. Takarda tashi ta, hili namu na. Ya shekara ɗari ciki, ba mai ce mai tashi. Amma Lauwali anka ara ma, ba mutanen Kano ba. Jikokina sha bakwai, ɗana, kowane ya san da hilin ga."

Bai aika rahoton ba sai da ya je wurin Kawu. Ya same shi a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya faɗa masa inda ya je. Tsohon ya daɗe yana jan carbi.

"Ban yi ma kowa ƙarya ba, Binya. Ba wanda yat tambaye ni."

"Ni aka aiko in tambaya, Kawu."

"Layi guda na cikin rahotonka. Ka bar shi. In anka sayar ni ka zuwa in lallashe ta, ba ta ƙin maganata."

"In ta ƙi fa? Ko ta rasu, jikokin suka taso? Kawu, kai da kanka shekara ashirin da biyu ko zogale ba ka dasa a wurin ba."

Kawu ya juya fuskarsa wajen bango, Bunyaminu ya ga kunya ce ta kama shi ba fushi ba, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

Ya rubuta layin. Bayan kwana biyu aka kira daga Kano aka ce an janye daga cinikin, aka yaba masa ƙwarai, har aka ce da wani aka aika da sun faɗa rami. Ya yi godiya ya kashe wayar, baƙin ciki ya cika masa ciki.

Ranar da zai tafi ya je sallama. Ya cire takalmi zai wuce ciki ya gaida Inna Barira, matar Kawu, wadda ta yi masa wanka yana yaro, sai Kawu ya nuna masa sabuwar darduma a zaure. Aka kawo shinkafa da kifi a kwanon tangaran na baƙi, da cokali, da ruwan roba. Inna Barira ta gaishe shi daga bayan ƙofa, ta tambayi iyali, ta sa masa albarka. Kawu ya ce shi ya riga ya ci. Bunyaminu ya ci shi kaɗai.

Kawu ya rako shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa masa hannu.

"Allah shi kiyaye hanya, Malam Bunyaminu. In za ka zakuwa wata rana, ka bugo waya tukuna, mu shirya."