Tozalin Inna Kulu a Gilashin Maleji

Lokacin babban yaƙin Turawa, tayar mota ta yi wuya ƙwarai. Alhaji Maccido, falken albasa a Wurno, yana da tsohuwar mota da ya saya hannun wani Bature, tayoyinta duk sun sille. Da ƙyar direbansa Mode ya samo wasu a Rabah, ƙanana, ya ɗaura. Motar ta koma kamar ta durƙusa.

Ana haka aka yi wa Lawwali, ƙanen Alhaji, haihuwar 'ya mace a Goronyo. Mahaifiyarsu Inna Kulu tana son a sa wa jaririyar sunanta, Hauwa'u. Ita kuma surukar Lawwali tana son Khadijatu, ga ta kuma a cikin gidan. Lawwali kuwa mutumin kirki ne, sai dai maganar wanda ya zo ƙarshe ita yake bi. Dole Inna Kulu ta isa kafin liman ya raɗa suna.

Ranar suna ita da Mode suka fita a motar bayan sallar asuba. Tsohuwar tana tsoron gudu. Ta zauna gaba riƙe da mahucinta na fifita, ta kafa wa maleji ido, wato agogon da ke nuna gudun mota. Ta ɗora yatsa a kan sha biyar.

"Mode, in allurar ga ta wuce nan, kai da mahucina."

Allura ta ɗan gota, mahuci ya sauka a ƙeyar Mode. Ya sassauta. Can sai wani mai keke ya wuce su, ya yi sallama, har ya tambayi lafiyar gida.

"Inna, ki gafarce ni, malejin ga ƙarya shikai," in ji Mode. "Tun da munka canza taya."

"Ƙarfen Nasara shi yi ƙarya, kai ka yi gaskiya? Mi kaka faɗi?"

Mode ya tsaya gefen hanya. Ya ari faifanta da ƙaramin murfin kwano, ya mirgina su a ƙasa. Ya nuna mata sai murfin ya yi juyi da yawa kafin ya cimma faifai. Ya ce malejin juyin taya yake ƙirgawa, bai san tafiya ba. Inna Kulu ta ce ya kaɗe mata faifai.

Ita gajeruwa ce, marigayi Malam mijinta kuwa dogo. Can ta ce, "Wato irin ni da Malam in za mu Lahodu. Shina tahiya a hankali, ni ina ta sassarfa, kuma shi ka riga ni."

"Shi ke nan, Inna! Malejin ga sassarfarki shika gani."

"To a gyara shi."

Mode ya ce sai an kai Sakkwato. Inna Kulu ta kwance bakin zane, ta fito da tandun kwalli, ta ja layi a gilashin, daidai kan ashirin. Suka ci gaba.

Gari ya yi haske. Ta dubi gabas, ta lashi yatsa ta goge layin, ta ja sabo a talatin. Da rana ta ɓullo ta sake matsar da shi. Suna hango Goronyo layin ya kai ƙarshen gilashi, inda allurar ba ta taɓa zuwa ba, mahuci kuma yana ta sauka.

"Taka, Mode! Ba ka kai layi ba!"

Suka wuce mai keke, Inna Kulu ta leƙo ta gaishe shi da gajiya.

Sun tarar da maza zaune a ƙofar gida, ana raba goro, liman yana gyara murya. Mode ya danna ham. Lawwali ya taso da gudu, ya durƙusa gefen mota. Inna Kulu ta kama kunnensa ta raɗa masa magana, ba ta saki ba sai da ya maimaita.

Liman ya sanar da Hauwa'u, aka shafa fatiha.

Da za su koma da la'asar, ta goge kwallin tsaf, ta mai da layin kan goma. Mode ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga mahuci a cinyarta, ya tada mota.