Ƙotar da Ta Ƙi Zama

Libarba ɗaya a naɗe cikin tsohon tawul. Kuben fata mai ruwan ƙasa. Ɓarin ƙota biyu tsofaffi, ɗaya a tsage. Ɓarin ƙota biyu sababbi, a ledarsu. Sifirin da ya karye, da sabo wanda ya ƙi shiga. Fulas ɗin gahawa da gurasa da naman jiya. Kayan da ke kan kujerar gefe ke nan lokacin da Lorna Haugen ta bar hanyar tsakuwa ta hau kwalta, ta nufi Harlowton.

Bindigar ta mahaifinta ce, Orrin, wanda suka binne da kaka. Bayan jana'iza ita da mijinta Dell suka baje bindigogin gidan a teburin kicin suka goge, suka shafa mai, suka rufe a kabad har hunturu ya wuce. Da ciyawa ta fara tsiro ta ciro ta uban, ta ja gudumar bindigar baya da babban yatsa, sai ta ji wani abu ya ɓalle a ciki. Garin kwance ƙotar don ta duba, katakon ya tsage. Ta buga wa masu sayar da kayan gyara waya, suka tambaye ta wane zubi ce, don kamfanin da ke ƙera ta ya sauya cikin bindigar ba sau ɗaya ba, waje kuwa bai taɓa ba. Ta ce tsohon zubi, na farko. Suka aiko. Ƙotar ta ƙi zama, ramin noti ya kauce, sifirin kuma ya yi tsawo. Ta mayar, suka sake aikowa, ba ta canza zani ba.

Shagon Merle yana bayan gidan mai, ƙofarsa a tokare da gwangwani. Merle abokin Orrin ne tun suna samari, kuma shi ke gyara bindigar kowa a wannan yanki.

"'Yar Orrin," ya ce, bai ɗago daga abin da yake gogawa ba. "Me kika karya?"

"Ni ban karya komai ba, Kawu. Mutanen da ke sayar da kaya ne ba su san aikinsu ba."

"Haka ubanki yake cewa duk lokacin da ya murɗe noti ta baya. Ina kurman mijinki?"

"Yana kai shanu tudu. Ya ce in gaishe ka."

"Ƙarya kike. Dell bai taɓa gaishe da kowa ba, ko ya gaishe ka ba ya jin amsa."

Ya warware tawul ɗin, ya ɗora sabuwar ƙotar a jikin ƙarfen, ya matsa ta sama, ya matsa ta ƙasa. Ya ɗauki sifirin biyun ya jera su. Sannan ya sa gilashi, ya karkata bindigar wajen hasken taga, ya daɗe yana leƙa bakin gudumar.

"Kayan da suka aiko miki daidai ne," ya ce. "Na tsohon zubi ne."

"To me ya hana su shiga?"

"Bindigar ce ba tsohuwa ba. Kin ga wannan tsinken da ke bugun harsashi? Yana komawa ciki sai an danna kunama. Ta Orrin tsinkenta a kafe yake. Wannan ita ce wadda ya saya wa Dell da bikinku. Ni na yi masa odarta."

"A kuben Baba na same ta. Ƙotarsa ce a jiki."

"Ƙota biyu ya sassaƙa daga katako ɗaya, na bishiyar nan da iska ta kayar a bayan gidanku. Ya zauna a kan wannan kujerar yana gogawa, yana cika ni da surutu. Kube kuwa, kowacce ka zura za ta shiga." Ya cire gilashin. "Ina ɗayar?"

Hankalin Lorna ya koma gida. Teburin kicin take gani, na safiyar nan. Zakin dutse ya kashe musu maraƙi a makon, shi ya sa Dell ya buɗe kabad ya ciro baƙin kubensa, karo na farko tun jana'iza. Yana shan gahawa yana zura harsasai a gangar bindigar, ɗaya bayan ɗaya, har ramukan shida suka cika. Haka ya saba, don tasa sabon zubi ce, ko ta faɗi ƙasa ba ta tashi. Amma ga tasa nan a hannun Merle, ta Orrin ce a ƙugunsa.

Ta Orrin kuwa biyar ake sa mata. A sa ɗaya, a tsallake ɗaya, a sa huɗu, a kwantar da guduma a kan ramin da babu komai. Tun kafin Lorna ta iya karatu ta san wannan, kuma ba da baki kaɗai aka koya mata ba. Uban ya taɓa cika shida yana saurayi. Ya ɗora likkafa a kan sirdi don ya ja majayi, likkafar ta zamo ta bugi gudumar a ƙugunsa, harsashin ya bi cinyarsa ya fita ta gwiwa. Duk yarintarta da jan ƙafarsa a kan katakon baranda take gane ya dawo gida.

"Lorna," Merle ya ce. "Nawa ya sa?"

"Shida."

"A kan doki yake?"

"Tun safe."

Merle ya tura mata wayar shagon. Ta kira gida, wayar ta yi ta ƙara a kicin babu kowa. Ta kira ta hannun Dell, duk da ta san bayan rafi babu sabis. Ta kira maƙwabcinsu na kusa, ba a ɗauka ba.

"Tafi," in ji Merle. "Bar mini wannan. Kuma ki ji, in kin same shi kada ki yi masa ihu daga nesa. Doki ya zabura, ko shi ya juyo da sauri ya bugi ƙyaure, duk ɗaya ne."

Ba ta tuna yadda ta fita daga garin ba. Tana tuƙi tana lissafa ƙofofin shingen da ke tsakanin gida da tudu. A kowace ƙofa Dell sai ya sauka ya buɗe, ya kora shanu, ya rufe. A kowace sauka yakan duba majayi, don dokinsa mai kumbura ciki ne idan ana ɗaura masa sirdi, in an yi tafiya kuma sai ya saki. Ta san yadda yake yi. Ya jefa likkafar hagu a kan sirdi, ya juya ƙugunsa na dama wajen dokin, ya ja da hannu biyu. Ta sha kallonsa yana yi, ba ta taɓa ganin wani abu a ciki ba.

Ta ɗauki fulas, murfin ya ƙi buɗuwa, ta jefar a ƙasan mota. A kan hanyar tsakuwa bayan motar ya riƙa wutsil-wutsil, ba ta rage gudu ba. Wata motar kiwo ta taho daga gabanta, ta zuba mata ido ko za a tsayar da ita da labari. Direban ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ya wuce.

A gida ta leƙa kicin ta taga. Na'urar jinsa tana kan tebur kusa da kofi. Ba ya sa ta a kan doki, wai iska tana yi masa fito a kunne.

Ta bi sawun shanun. Ƙofar farko a rufe, an ɗaura wayar shingen yadda Dell yake ɗaurawa. Ta sauka ta buɗe, idonta a ƙasa, tana neman jini a ciyawa. Babu. A ta biyu ma babu. A bakin rafi ta ga ungulaye suna shawagi, ƙafarta ta sauka daga kan totur da kanta, sai da ta matsa ta ga ragowar maraƙin nan ne na farkon mako.

A ƙofa ta ƙarshe, gindin tudu, ta hango su. Shanun sun riga sun shige suna kiwo. Dokin yana tsaye a bakin shinge. Dell yana ƙasa, ya ba ta baya, likkafar hagu a ɗore a kan sirdi, ƙarfenta yana lilo a gefen kujerar sirdin. Ƙasa da ita kaɗan, baƙin kuben yana ƙugunsa, gudumar a waje.

Ta kashe mota tun da nisa, ta bar ƙofar motar a buɗe. Ta taka a hankali ta gefen da dokin zai gan ta. Dokin ya ɗago kai, ya miƙe kunnuwa. Ta riƙa yi masa magana ƙasa-ƙasa, maganar banza irin wadda ake yi wa doki. Dell ya tofa yawu a tafinsa, ya kama majayin, ya ja. Sirdin ya motsa. Likkafar ta zamo kaɗan ta tsaya a kan gefen fata.

Ya sake gyara tsayuwa zai ja na biyu. Lorna ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta damƙe likkafar.

Ya waigo, ya gan ta, ya ɗaga gira. "Ke kuma daga ina? Ba gari kika tafi ba?"

"Tsaya yadda kake," ta ce, tana buɗe baki sosai don ya karanta leɓenta. "Kada ka motsa."

"Me? Maciji ne?"

Da ɗaya hannun ta ɓalle igiyar kuben, ta zaro bindigar, bakinta a ƙasa, ta ja da baya. Sai a lokacin ta saki likkafar. Ta faɗo ta bugi ƙugunsa daidai inda gudumar take ɗazu.

Ta juya wa doki baya, ta zazzage harsasan a ciyawa. Shida. Ta kama hannun Dell, ta ɗora babban yatsansa a kan gudumar, ta sa ya ja a hankali. Tasa sau uku take ƙaras kafin ta tsaya. Kunnensa bai ji ba, amma yatsansa ya ƙirga huɗu.

Ya tsaya yana kallon bindigar. Ya kalli likkafar, ya shafa ƙugunsa.

"Ta tsoho ce," ya ce.

"Ta Baba ce."

"Tun safe nake hawa ina sauka da ita." Ya cire hula, ya mayar. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Da tsoho ya ga wannan, da ya ce dama bai taɓa yarda da hankalina ba."

Lorna ta zauna a ciyawa. Dell ya durƙusa yana tsince harsasan, ɗaya ya faɗi ya sake ɗauka.

Ya biyo ta gida a kan doki, ita tana gaba a mota, bindigar a kan kujera babu komai a cikinta. A kicin ya sa na'urar jinsa, ya tsaya a bakin kabad.

"Biyar zan riƙa sa mata," ya ce. "Har Merle ya gama da tawa. Zakin nan yana nan, Lorna."

"Ka ɗauki doguwar bindiga."

"Yanzu ai na sani. Ba yaro ba ne ni."

"Baba ma ya sani."

Ta zura libarbar a can ƙuryar kabad, ba tare da kube ba. Ta tura ƙyauren ƙarfen har ya ce ƙaras, ta murɗa makulli, ta sa shi a aljihun wandonta.

"Wannan ta gama hawa doki," ta ce. "Gobe zan kai wa Kawu ya cire mata tsinke."