Na'urar Da Ba Ta Ƙirga Matattu

Shekarata tamanin da huɗu. Ban taɓa zama a aji ba, amma babu mai digirin da zai koya mini layinmu. Kwatar kamfanin batir ta ƙofar gidajenmu take bi, baƙa ƙirin, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, rijiyarmu kuwa taku goma ce daga kwatar. Shekara sittin ina shan ruwan nan, ga ni daram.

Bara aka ce za a ja famfo zuwa layi ɗaya tak, wanda ya fi buƙata. Auta, 'yata, ta fi kowa sa rai, don ɗanta na fari da kumburi ya tafi, ga ta kuma da ciki.

Sai masu bincike suka zo. Shugabarsu, wata mai tabarau, ta ce kwamfuta za ta haɗa komai, daga jinin mutum zuwa ɗakinsa, layinsa, har garin baki ɗaya, ta nuna inda cuta ta fi ci. Ta zauna a bencina tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Baba, sau nawa ka kwanta a asibiti?"

"Ni? 'Yata, allura ma ba ta san jikina ba."

Auta ta leƙo daga ɗaki. "Baba, ka faɗa musu tarin nan."

"Wane tari? Gyaran murya ne."

Suka ɗebi jinina, suka ɗebi na maƙwabcina Mai Walda, suka tafi.

Bayan wata shida aka kira mu ofis. An haska taswirar gari a bango. Layin Makaranta ja wur, namu kore shar.

Na ce, "Kore fa?"

Mai tabarau ta ce, "Lafiya ke nan, Baba. A takardun asibiti sunan layinku sau uku kawai ya fito. Ga ka nan kuma, tamanin da huɗu! Famfo na Layin Makaranta ne."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Su Layin Makaranta asibiti suke zuwa, a rubuta su. Mu a ɗaki muke mutuwa. Mu arba'in muka tare a layin nan, saura mu biyu, ni da Mai Walda. Kun tambayi Direba? Kun tambayi Mai Aski da matarsa? Kun tambayi jikana?"

"Baba, na'urar ba ta da gurbin waɗanda babu takardarsu."

"To ki buɗe mata gurbi! Duk suna kaina, har da ranar da aka ɗauki kowa."

Ta kalli abokin aikinta, shi kuma ya kalli agogo. Wai an rufe lissafi, sai bayan shekara uku. Har da miƙo mini ruwan gora. Tir! Ban karɓa ba.

Da muka iso bakin kwata, sai Auta ta juyo ta dube ni.

"Ga shi nan, Baba. Allura ba ta san jikinka ba."

Washegari na aro baro wajen Mai Walda, na jera jarka huɗu. Kullum da safe yanzu ni ke turawa zuwa famfon Layin Makaranta, in bi layi da mata suna mini dariya. Su yi ta yi. Auta dai ba za ta ƙara shan rijiyar nan ba ina numfashi, kuma har yau ban ga ɗan shekara hamsin da ya riga ni hawa gangaren nan ba.