Yakuwar Malam Ɗantala

Saboda kashin kaji Malam Ɗantala ya sayi wani gida a garin Pleasant Garden, a Amurka. Tsohon mai gidan ya shekara talatin yana kiwon kaji a filin bayan gidan, ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Matarsa na duba kicin, shi yana waje yana shinshinar ƙasa.

Shekara uku yana noman yakuwa a wurin. Kowace Juma'a sai ya cika bayan mota, ya tsaya ƙofar masallaci yana rabo. Ba ka isa ka wuce shi hannu rabbana ba.

Sai 'yarsa Ibtissam, mai karatun kemistiri, ta ɗebi ƙasar ta kai gwaji. Ta dawo da takarda.

"Baba, akwai asinik a gonarka. Guba ce."

"Wa ya zuba?"

"Kaji. A da ana sa musu magani mai asinik a abinci don su yi ƙiba, ya bi kashinsu ya zauna a ƙasa. Wani makamin guba danginsa Amurka ta haɗa a 1918 don ƙona fatar sojoji. Wancan har ƙamshin fure yake yi."

"To, ni ba na yaƙi da kowa."

"Ganye yana zuƙar gubar, Baba. Sai ka karɓo yakuwar da ka raba."

Karɓo kyauta! Da girmansa, da furfurarsa! Amma ya tuna jikokin mutane. Ya ɗauki makullin mota.

Ya fara da unguwar Sedgefield, gidan amininsa Alhaji Braimah, ɗan zangon Kumasi, wanda kullum yake santin miyar yakuwar. Sau uku yana maimaita gaisuwa kafin maganar ta fito. Braimah ya kalli matarsa Adjara. Adjara ta kalli silin. Can ta tashi ta kai Malam Ɗantala gareji, ta buɗe firiza.

Ledojin yakuwa ne a jere tun na shekarar farko, kowace da ɗaurin hannunsa.

"Tsamin ya yi mana yawa, Malam," in ji Braimah. "Kunyarka muka ji."

Gida shida ya je ranar. Duk shida akwai firiza.

Ya dawo da mota ta fi yadda take fita nauyi, ransa a jagule. Ibtissam ta tarye shi a gareji.

"Alhamdulillahi, Baba! Ba wanda ya ci! Kai kaɗai za mu kai asibiti a gwada."

"Ke da mamanki fa?"

Ibtissam ta kalli silin.