Ƙyallaye Arba'in da Biyu

"Ki yi mini alkawari ba za a wanke su ba," in ji Malama, ta damƙe hannun maƙwabciyarta mai ɗinki. Tari ya sake sarƙe ta har idonta ya kawo ruwa.

"Haba Malama, ni da na yanka su? Ungo, sha ruwa."

Ita ta yanka su kuwa, ƙyallaye farare tas, guda arba'in da biyu. Malama ta gaji da 'yan ajinta: a jarrabawa kowa ya iya rubuta illar hayaƙi, amma da an tashi su ne masu cinna wa leda wuta a bola. Sai ta ba kowa ƙyalle ya rataya a tagar ɗakin kwanansa mako guda. Suka dawo da su, wani toka-toka, wani baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A ranar har wata yarinya ta yi kuka, ta ce ashe abin da ƙaninta ke shaƙa ke nan.

"Ran Alhamis masu duba makarantu za su zo," in ji Malama. "Wai darasin ba ya canza kowa, soke shi za su yi. Ki kai musu kwandon ƙyallayen, yana ƙarƙashin gadon nan. Nawa na sama, ya fi na kowa baƙi."

Ba ta kai Alhamis ba. Ran Talata da hantsi ta cika.

Mai ɗinki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta shiga hidimar masu gaisuwa, ɗauko tabarma, kawo ruwa. Sai bayan la'asar kwandon ya faɗo mata a rai. Ta leƙa ƙarƙashin gado, wayam.

A tsakar gida ta tarar da ƙanwar marigayiyar, wadda ta iso da rana, tana ɗauraye hannu. Ta tambaye ta ina ƙyallayen cikin kwandon.

"Tsummokaran nan, baiwar Allah? Ai na jiƙa su da bilic. Ga gida cike da mutane, a ce Yaya ƙazama ce?"

Mai ɗinki ta zauna a bakin rijiya. Me za ta ce wa mai makoki?

Ga su nan jere a kan igiya, fes, suna ɗigar ruwa. Can bayan katanga wani ya riga ya kunna bola, toka ta fara sauka a kansu.