Ɗigon Goni Ɗalha

Kowa a unguwar Sheshe ya san Goni Ɗalha ba a duba masa rubutu. Shi ke duba na mutane. Marubutan Alƙur'ani kan kawo masa aikinsu a soro, ya ɗaga shafi ɗaya ya ce, "Wannan nun ɗin taka yunwa take ji?" Mutum ya tafi gida da sanyin jiki. Jikan Barebari ne, daga kakansa ya gaji alƙalamin, kuma ya gaji har da taurin kan.

Alƙur'anin da ke hannunsa ya ce shi ne na ƙarshe, na gidansa, ba na sayarwa ba. Al'adarsa ce ya fara jera baƙaƙe, daga baya ya biyo su da ɗigo da wasali. Ya gama baƙaƙen izu na ƙarshe ke nan wani baƙin labule ya fara sauko masa a idon dama. A asibiti likita ya ce tantanin da ke can bayan idon ne ya ɗaye, sai an yi aiki. Aka yi. Goni ya sha kwanciyar rub da ciki yadda aka umarce shi, har matarsa Ya Kaka tana tsokanarsa wai doguwar sujadar da ya sha yi wa mutane wa'azinta ce ta same shi.

Labulen ya yaye, amma duniya ta dawo masa bibbiyu. Buta biyu, ƙofa biyu, Ya Kaka biyu, kuma dukansu da baki. Likita ya ce hakan na faruwa, idanun ne ba su koma tafiya tare ba tukuna. Wataƙila ya wuce da kansa, wataƙila sai da tabarau na musamman, a dai yi haƙuri. Goni ya ji komai ban da haƙurin.

Ranar da ya samu gidan ya yi shiru da hantsi, ya ɗauko takardunsa ya zauna inda haske ke faɗowa. Baƙaƙen ba su dame shi ba, kauri kawai suka ƙara, ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa. Ɗigon ne masifa. Ɗigo ɗaya a saman harafi nun ne, biyu kuwa ya zama harafin ta. Ɗaya a ƙasa harafin ba ne, biyu ya zama harafin ya. Yana sauke alƙalami sau ɗaya, sai ya ga biyu suna kallonsa. Ya rufe idon dama, na hagun tun asali mai hazo ne, ɗigon ya narke. Ya rufe na hagun, layin ya karkace kamar igiyar shanya. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don wannan ba wasiƙa ba ce da za a ce an gane nufinka.

Mai hankali da sai ya ajiye. Goni kuwa reza ya ɗauko. Duk inda ya ga biyu a gurbin ɗaya, sai ya kankare wanda ya fi kama da na ƙarya.

A haka Bahijja ta same shi. 'Yarsa ce ta fari, malama a wata Islamiyya a Jakara, takan biyo bayan an tashi don ta ɗiga masa magani. Ta haddace Alƙur'ani tun tana budurwa, amma a na bugun inji, abin da bai taɓa daina yi mata gori a kai ba. Ta tsaya a kansa tana duban shafin.

"In magana ce a bakinki, fito da ita," in ji shi.

"Baba, wannan nun ɗin ba ta da ɗigo."

"Biyu ne, na cire ɗaya."

"Ɗaya ne dama, Baba. Shi kuka cire." Ta nuna da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa takardar ba. "Ga wata ma. Nan kuma takardar ta kusa hujewa."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya shafa wurin da yatsa, ya ji kaushin kankarar, ɗaya bayan ɗaya har ƙasan shafin. Da hannunsa ya cire wa maganar Allah abin da yake nata, yana ganin gyara yake yi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban wani malami ba.

"Ku bari idon ya warke mana," in ji Bahijja a hankali. "Likita ya ce zai iya daidaita."

"Zai iya, ya ce. Bai ce zai yi ba. Ni kuma ba a ba ni takardar cewa zan kai lokacin ba." Sannan ya ce, "Je ki yi alwala."

Ta dawo hannunta da danshi, ta goge a gefen mayafi. Ya miƙa mata alƙalamin, sai da ya lalubo hannunta na gaskiya daga cikin biyun.

"Baba, hannuna ba irin naku ba ne. Ɗigonku manya ne, nawa ƙanana. Duk wanda ya buɗe zai gane daidai inda kuka tsaya."

"Su gane."

Ya fara karanto ayar da ka, a hankali, ita kuma tana bin layin. Da suka zo kan nun ta farko ta tsoma alƙalami a tawada, ta sauke shi sau ɗaya, ta ɗaga. Goni ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa shafin. Ga su nan biyu, baƙaƙe wuluk, gefe da gefe, ba wanda ya fi wani kama da gaskiya. Duk jikinsa ya ce masa kuskure ne.

"Nawa kika gani?"

"Ɗaya, Baba."

Ya ƙara duban biyun nan da kyau.

"To, ɗaya ne," in ji shi. "Ci gaba."