Kujera Ɗaya, Manya Biyu

Ba a sarki biyu a zamani ɗaya, amma layinmu yana da su: mai gidan burodi da mai katako. Kowa ya tara magoya baya, har tela da makaniki suka daina gaisawa. Mai aski kaɗai ya ƙi ɗaukar ɓangare, don kada ya rasa cinikin kowa.

Wata safiya manyan suka shigo shagonsa tare, kujera kuwa ɗaya ce.

"Ni za a fara yi wa," in ji mai burodi.

"Sai dai bayan raina," in ji mai katako.

Mai aski ya ce, "Ranku ya daɗe, a sha ruwa." Ya ture kujerar, ya tsayar da su, yana aske nan yana aske can. An kai rabin kai sai aka ɗauke wuta. Kowa ya rantse makircin ɗayan ne. Makaniki ya jefo sifana, tela ya rama da dutsen guga, layi ya kacame.

Mai rabon faɗa shi ke shan duka. Da ƙura ta lafa, manyan suka yarda laifin mai aski ne. Suka sa hula, suka shiga mota ɗaya neman wani shagon.